Zafin ƙasarmu ba hujjar zuba 20W-50 a kowane inji ba ne

Wani ɗan'uwa da ya daɗe yana rubutu kan harkar motoci ya fitar da maƙala kwanan baya a kan baƙin mai, na kuma ga mutane suna ta miƙa wa juna ita kamar an gama magana. Matsayinsa a fili yake. A ganinsa ƙasarmu ta zafi ce, saboda haka duk motar da ta shigo, kowace iri ce, a zuba mata mai kauri, wato 20W-50, domin man nan mai tsinkewa da littafin mota ke ambata an yi shi ne don ƙasashen ƙanƙara. Ya ɗauki kuɗin da ake kashewa a man sintetik a matsayin asara. Lokacin juye kuwa, a wurinsa ido da yatsa ne ke nuna shi. Ya ƙara da shawarar a riƙa zuba maganin wanke injekta a tanki duk wata, a bar mota a kunne da safe ta daɗe tana ɗumi, har ya yabi bakaniken da ke cire tamostat da zarar mota ta iso daga Kwatano ko Legas.

Malam, na san ba da gangan ka yi ba, kuma na san inda shawarar ta samo asali. Ita ce ta riƙe Peugeot 504 da 505 da ake harhaɗawa a Kaduna, ta riƙe bas-bas na haya shekara da shekaru. Amma motocin da ke cika garejojin Kano da Kaduna da Apo a yau wasu iri ne daban, kuma mai Hyundai Sonata ta 2011, ko Honda Accord ta 2013, ko Lexus IS250, ko wata Ford mai EcoBoost, in ya bi maganarka sau da ƙafa, yana rage wa injinsa kwana ne da kuɗinsa.

Duk motocin nan abu guda ya haɗa su: suna fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Kamfanoni na kiran tsarin da sunaye daban-daban, GDI a Hyundai da Kia, FSI da TSI a Audi da Volkswagen, CGI a Mercedes, Skyactiv-G a Mazda, D-4 a Toyota. Dabarar ba sabuwa ba ce, don Mercedes 300 SL ta 1954 ta yi amfani da ita, Mitsubishi kuma ta dawo da ita kasuwa a Galant ta 1996. Abin da ya canza shi ne yawanta: daga wajen 2010 ta fara mamaye motocin Amurka da Turai, su ne kuwa motocin da muke saye bayan sun shekara takwas ko goma a can. A tsohon tsarin injekta, ana fesa fetur ne a bayan bawul ɗin shigar iska da matsin da bai wuce bar 3 zuwa 4 ba. A sabon, bakin injekta na cikin ɗakin ƙuna, kuma matsin kan kai bar 150 zuwa 200, a wasu sababbi har 350. Wani famfo na biyu ne ke samar da wannan matsi, yana zaune a kan inji, kamshaf ke tunkuɗa shi, baƙin mai ke sanyaya wurin da suke gogayya. Daga nan kaɗai za ka ga cewa aikin da aka ɗora wa mai ya ƙaru.

Bari in fara da zafin, tunda a kansa ka gina komai. Ba wanda zai musa cewa Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri na wuce digiri 40. To amma baƙin mai ba a zafin gari yake aiki ba. Cikin inji mai lafiya ruwa na tsayawa kusa da digiri 90, mai kuma tsakanin 90 da 110, ko a Jos motar take ko a Nguru, domin lagireto da fanka da tamostat ne ke riƙe wannan ma'auni. Lambar da ke bayan W, wato 20 ko 30 ko 50, a digiri 100 ake auna ta, an kuma sake gwada man a digiri 150 kafin a ba shi lambar. Wanda ya ƙera injin ya riga ya yi lissafin zafin da ya ninka na garinmu. Sannan ka tuna daga ina motocin suke zuwa. Wasunsu a Texas da Arizona suka yi rayuwarsu ta farko, kuma a birnin Finiks zafi kan haura digiri 43 a watan Yuli. A can mai tsinkewa irin 0W-20 da 5W-20 suke sha, suna cin dubban ɗaruruwan kilomita, har su kai ga a saka su a jirgin ruwa a kawo mana.

Kaurin da kake so kuwa ba kyauta yake zuwa ba. A digiri 100 mai lamba 50 ya kusan ninka mai lamba 30 kauri, da safe kafin inji ya yi zafi ratar ta fi haka nesa ba kusa ba. Injinan yanzu hanyoyin mansu ƙanana ne, ratar da ke tsakanin ƙarafansu matsattsiya ce, kuma da matsin mai suke juya kamshaf don sauya lokacin buɗe bawul, ta wasu 'yan ƙofofi masu rariya siririya. Abin da ke ɗame sarƙar tayimin ma da mai yake aiki. Zuba 20W-50 a irin wannan inji kamar a ba mutum kunu mai kauri ne a ce ya zuƙe shi ta tsinken shan lemo: zai iso, amma a makare. Wannan makarar ta 'yan daƙiƙoƙi a kowace tayarwa ita ce ƙarar da mai mota ke ji da safe ya ce ai haka take yi. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, yana kwashe zafi daga ƙarƙashin fistin da cikin tabo, kuma wanda ya fi saurin zagayawa ya fi kwasa. Wanda ya sayi Sonata ta 2011 ko 2012 ya ƙara kula, domin a 2015 Hyundai ta janye kusan 470,000 daga cikinsu a Amurka saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari wajen ƙira yana tare hanyar mai zuwa biyarin. Injin da dama can yake da wannan tarihi, ba shi ne za a ƙara wa wahalar samun mai ba.

A nan zan ba ka gaskiyarka. Akwai littattafan motoci, musamman na waɗanda aka yi don kasuwar Gabas ta Tsakiya da Afirka, da ke ba da damar ɗaga kauri kaɗan inda ake zafi ko ake ɗaukar kaya, daga 5W-20 zuwa 5W-30 ko 10W-30. Injinan Volkswagen da Mercedes da yawa ma 5W-40 suke sha tun asali. Idan littafin ya buɗe wannan ƙofa, ba ni da ja a kan taka mataki ɗaya, musamman a injin da ya ci tafiya. Mataki ɗaya da izinin maƙerin mota daban, tsallake matakai uku da izinin mai shago daban.

Amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba kauri ba ne. Maƙalar taka gaba ɗaya ba ta ambaci 'yan haruffan nan da ke bayan galan ba ko sau ɗaya, alhali su ne suka fi muhimmanci ga waɗannan injina. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, ke ba da su. SL ta fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SN Plus a 2018, SP a 2020, sai SQ a 2025. Ɗauki galan na 20W-50 a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ka juya bayansa, sau da yawa SL za ka gani, ko ma abin da ya girme ta. An tsara waɗannan ne kafin a san matsalar da SN Plus ta zo magancewa.

Matsalar ita ce wutar da ke tashi kafin lokacinta. A ƙananan injina masu tabo da ke fesa fetur kai tsaye, irin EcoBoost da TSI da Honda 1.5, idan inji na juyawa a hankali direba kuma ya taka totur da ƙarfi, wani ɗigon mai da ya gauraya da fetur a gefen fistin kan kama da wuta kafin fulogi ya ƙyasta. Fistin na hawa, wuta na danno shi ƙasa. Sau ɗaya tak na iya fasa bakin fistin ko karya ringi, ba tare da wani gargaɗi ba. Da masu bincike suka bi sawu, sai suka tarar sinadarin kalsiyam da ake zubawa da yawa a tsofaffin mayuka don wanke inji yana ƙara yawan faruwar abin, magniziyam kuwa ba ya ƙarawa. Shi ya sa aka sauya haɗin. General Motors ta riga kowa da ma'auninta na dexos1 zubi na biyu a 2017, API ta biyo baya, kuma yanzu ba man da ke samun SP sai ya ci jarrabawar wannan matsala a kan injin Ford mai lita 2. Wannan ba abin da yatsa ke ji ba ne. Mai biyu na iya zama iri ɗaya a ido da a hannu, ɗaya na kare fistin, ɗayan na jawo masa ajali. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza, kuma a nan kiɗan ya canza tun shekaru da suka wuce.

SP ta zo da wata jarrabawar kuma, ta cinyewar sarƙar tayimin. Injin da ke fesa fetur kai tsaye na fitar da baƙin toka mai laushi fiye da tsohon injin fetur, wani kaso na sauka cikin mai, ya riƙa cin ƙusoshin sarƙa har ta saki. Wannan tokar ce ke sa mansu saurin baƙi, ita ce kuma dalilin da ya sa launi ba ya gaya maka komai. Mai na iya yin baƙi a mako biyu alhali da sauran ƙarfinsa, wani kuma ya zauna garau alhali fetur ya tsinka shi.

Tsinkewar nan da fetur ita ce inda shawararka kan tamostat da ɗumin safe ta fi ba ni tsoro. Tunda fetur na fita da ƙarfi cikin silinda, wani kan manne a bango, ringi ya share shi zuwa ƙasa cikin mai. Idan inji ya yi zafi sosai ya kuma daɗe a haka, fetur ɗin kan ƙone ya fita. Idan bai yi ba, sai ya taru. Honda ta ɗanɗana wannan a 2018, lokacin da ta janye motocin CR-V masu injin 1.5 a China saboda man injinsu na ƙaruwa maimakon raguwa, galibi a yankunan sanyi inda ake gajerun tafiye-tafiye. Za ka ce mu ina ruwanmu da sanyi. To bakaniken da ya cire tamostat ya ƙirƙiro wa injin sanyin da hannunsa. Ruwa na zagayawa ba tsayawa, da asubar hunturu ko a kan babbar hanya inji ba ya kaiwa zafin aikinsa, kwamfutar mota na ganin har yanzu da sanyi sai ta ci gaba da ƙara fetur. Ka haɗa wannan da minti goma sha biyar na tsayuwa a kunne a ƙofar gida, da tafiyar kilomita uku zuwa makarantar yara, ka samu duk sharuɗɗan da suka wahalar da motocin China, a tsakiyar Kano. Motar da ke zafi fiye da kima tana da dalili: lagireto ya toshe, ko fanka ta mutu, ko murfi ya saki, ko an daɗe ana zuba ruwan rijiya maimakon kulan. A gyara dalilin. Da safe kuwa rabin minti ya isa, sai a tashi a hankali, domin tafiya ta fi tsayuwa saurin ɗumama inji. Mai mota kuma ya riƙa zaro geji yana dubawa yana shinshinawa. In mai ya haura alamar sama, ko yana warin fetur sosai, lokacin juye ya yi ko da jiya aka yi shi.

Maganin tanki ba zan ce ba shi da amfani ba. Mai kyau daga cikinsa na wanke bakin injekta, wanda a waɗannan injina yake zaune cikin wuta, kuma da irin fetur ɗin da muke samu, sa shi jefi-jefi ba laifi. Kuskuren shi ne cewa da ka yi yana hana datti taruwa a bawul. A tsohon inji haka ne, saboda fetur na wanke bayan bawul a kowace fesa. A sabon, fetur ba ya bi ta wurin sam, don haka duk abin da ka zuba a tanki ba zai taɓa shi ba. Abin da ke bi ta wurin shi ne tururin baƙin mai da ke fitowa daga cikin inji ta bawul ɗin numfashi, ya sauka a kan ƙarfe mai zafi, ya ƙone ya zama gawayi. A hankali sai mota ta fara rawa da safe, ta rasa ƙarfi, ta ƙara shan mai, a yi ta canza fulogi da koyil a banza. Lexus IS250 ta yi suna a kan wannan. Toyota da kanta ta ga matsalar, shi ya sa tsarinta na D-4S, wanda ke cikin IS350 da Camry ta 2018, ya haɗa injekta biyu a kowace silinda, ɗaya a ciki ɗaya a bayan bawul. Ford ma ta bi wannan hanya a injinta mai lita 3.5 daga 2017. Wanda motarsa ba ta da wannan gata, abin da ke hannunsa shi ne rage tururin, kuma a nan ne man sintetik da ka kira asara yake biyan kuɗinsa, domin bai kai man gargajiya saurin ƙonewa ya tashi ba. Idan gawayin ya riga ya taru, sai an kwance manifol an kankare. A Turai da Amurka da garin ɓawon walnat suke feshe shi. A nan bakanike mai haƙuri na iya yi da burushi da sinadari, silinda bayan silinda, muddin ya tabbatar bawul a rufe yake kafin ya fara, don kada ɓarɓashi ya faɗa ciki.

Inda muka haɗu da kai shi ne tazarar juye. Ka ce mil 10,000 da ake yi a Amurka bai dace da mu ba, kuma gaskiya ka faɗa. Sai dai hujjar tana cikin littafin da ka ce a ajiye. Kusan kowane littafi na da jadawali na biyu don aiki mai tsanani, wato ƙura, cunkoso, gajeruwar tafiya da yawan tsayuwa a kunne, kuma duk huɗun rayuwarmu ce ta yau da kullum. A wannan jadawalin Toyota kan ce mil 5,000, kusan kilomita 8,000, Hyundai kuma mil 3,750, kusan kilomita 6,000, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Lissafin ma mai sauƙi ne. Motar da ke cin kilomita 60 a awa za ta yi mil 10,000 ɗin nan, wato kusan kilomita 16,000, cikin awa 270 ko ƙasa da haka kaɗan. Wadda ke jan ciki a cunkoson gari da kilomita 20 a awa, a awannin nan ba ta kai 5,500 ba, amma man nata ya yi aiki daidai da na waccan. A kuma lura cewa motar Amurka da mil take ƙirge. Wanda ya ga 5,000 a allo ya ɗauka kilomita ne, ya riga ya yi 8,000.

Ka kawo maganar tsada da jabu, kuma ba zan raina ta ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ke lissafin kowace naira, kuma gaskiya ne cewa galan mai kyakkyawan tambari na iya ɗauke da man da aka ɗura a bayan kasuwa. Amma jabu bai bar 20W-50 ba, hasali ma man da ake aunawa daga durom a gefen titi, wanda ba wanda ya san abin da ke cikinsa, da sunan mai kauri ake sayar da shi. Maganin jabu shi ne a sayi mai a gidan mai na kamfani ko wurin dillalin da aka sani, a duba hatimin murfi, mai mota ya tsaya a buɗe galan a gabansa, ya kuma huda shi bayan an juye don kada ya koma kasuwa. Wanda kuɗinsa bai kai na shahararren suna ba, ya nemi mai rahusa da ke ɗauke da SP ko SN Plus da lambar da littafinsa ya faɗa. Wannan ya fi mai tsada mai ɗauke da SL. Filta ma haka, domin ta jabu ba ta riƙe mai idan an kashe mota, kowace safiya inji a bushe yake tashi.

Akwai abubuwan da maƙalarka ta tsallake waɗanda a ƙasar nan sun kai mai muhimmanci. Ƙurar hunturu na ɗaya daga ciki. Iyakilina da aka yi ta hurawa da iskar mai faci takardarta kan yage ta inda ido ba ya gani, ƙurar da ta wuce kuma ringi da tabo take ci. A canza ta, kada a hura. Fetur shi ne na biyu. Ba mu manta Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol, NNPC ta amsa da bakinta, motoci suka yi ta lalacewa. Injekta mai aiki da bar 200 ba ta jure ruwa ko datti kamar kafireta, don haka sayen na galan a hannun 'yan bumburutu sai in ya zama dole, yawo da tanki a ƙasa kullum kuma famfunan biyu yake gajiyarwa. Mai tabo kuma, in ya taso daga Kaduna a guje ya iso Kano, ya ba ta minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe, don kada man da ya tsaya a cikin tabo ya ƙone.

Sai batun gas, tunda yanzu mutane na rububin mayar da motoci CNG. Na'urar da ake ɗaura wa tsohon inji ba ta dace da mai fesawa kai tsaye ba. Fetur ɗin da ke ratsa injekta shi ke sanyaya bakinta, in aka yanke shi gaba ɗaya aka bar ta cikin wuta, za ta toshe ko ta ƙone. Irin waɗannan injina na da tasu na'urar, wadda ke ci gaba da sakin ɗan fetur tare da gas. Duk wanda zai kai motarsa, ya fara tambayar mai aikin ko ya san wane irin inji ne a gabansa, ya kuma nuna masa na'urar da aka yi domin wannan injin kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya.